Katin ƙungiyar masu karaban a Birtaniya: a sabunta shi bana ko a haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Leeds da iyalina, yaranmu uku. A 2021 na sayi karaban na hannu, irin ɗakin tafi-da-gidanka da ake ja da mota, na kuma shiga ƙungiyar Caravan and Motorhome Club. Yanzu ga takardar sabunta rajista ta zo. Bara sau biyu kacal muka fita, kuɗin kwana a zangonsu ya yi tsada, bana kuma muna da niyyar zuwa gida Kano a dogon hutu. In ci gaba da biya ne, ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya zuri'a.

Duba karaban da gyara shi ne sana'ata a nan arewacin Ingila, kuma wannan tambayar ana yi mini ita duk shekara idan sanyi ya fara ja baya. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, cikin duk kuɗin da karaban ke ci, na katin ƙungiya ne mafi ƙanƙanta. Fam sittin da 'yan kai ne a shekara. Don haka kada haushin tsadar zango ya sa ka yanke hukunci cikin dare ɗaya. Akwai abubuwan da ke rataye a jikin katin nan, idan ya faɗi tare suke faɗuwa, su ya kamata ka fara dubawa.

Ɗauko takardunka ka ga wa ke riƙe da inshorar karaban ɗin. Idan Caravan Cover ne na ƙungiyar, to 'yan ƙungiya kaɗai ake yi wa shi. Haka Mayday, tsarin da ke turo maka janwe idan mota ta mutu a hanya, wanda suke yi tare da kamfanin Green Flag. Haka kuma Red Pennant, inshorar tafiya ta masu ƙetarawa Turai. Mutum yakan soke katin yana murnar ya tsira da fam sittin, ya manta cewa karaban ɗinsa na fam dubu goma yana zaune a filin ajiya ba mai ɗaukar asararsa. Dokar Birtaniya ba ta tilasta a yi wa karaban inshora ta daban ba, shi ya sa ba wanda zai zo ya tuna maka. Inshorar mota takan biya ɓarnar da karaban ya yi wa wani yayin da kake jansa, amma ba ta biyan karaban ɗin kansa idan aka sace shi, ko iska ta kayar da itace a kansa, ko ya kama wuta. Filayen ajiya da yawa ma ba sa karɓar karaban da ba shi da inshora. Maganar janwe kuwa, karanta sharuɗɗan wanda kake da shi da kyau. Wasu kamfanonin suna ɗaukar karaban ne kawai idan motar ce ta lalace, idan taya ko gatarin karaban ne ya ba da matsala sai su ce ba ruwansu. Wasu kuma suna da iyakar tsawon abin da za su ɗauka. Idan ka samu madadin waɗannan biyun, inshora da janwe, a waje da farashi mai kyau, madalla, ka ƙulla sabon kafin ka saki tsohon. Idan kuwa na ƙungiyar ya fi araha da abin da ya kai kuɗin katin, an gama magana, ka biya.

Wani abu da ya shafi irinmu: Caravan Cover ba inshora ba ce irin wadda aka saba. Asusu ne da 'yan ƙungiya ke tara kuɗi a ciki, ƙungiyar ta duba ta biya wanda asara ta same shi. Na san 'yan'uwa Musulmi da hankalinsu ya fi kwanciya da wannan tsarin saboda ya fi kusa da taimakekeniya. Hukuncinsa na malamai ne, amma ya dace ka san bambancin kafin ka bar shi.

To a ce babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ɗaure ka. Sai mu zo lissafin kwana. Wanda ba ɗan ƙungiya ba yana iya sauka a yawancin manyan zangon ƙungiyar, sai dai ana ƙara masa kusan fam 15 a kowane dare. Kwana biyar ke nan katin ya mayar da kuɗinsa. Wannan lissafin gaskiya ne, amma yana da sharaɗi a ɓoye: ya ɗauka cewa ko ba ka da kati, can ɗin za ka sauka. Idan akwai zangon wani ɗan kasuwa a gefe da ya fi araha, kuma iyalinka sun fi jin daɗinsa, to fam 15 ɗin nan ba a aljihunka ta zauna ba, a takarda kawai take. Saboda haka ka buɗe wasiƙun kama wuri na bara da na bara waccan, ka ƙirga dare nawa kuka kwana a zangon ƙungiya, sannan ka shiga shafi irin Pitchup ka ga nawa makwabtan wurin suke karɓa a irin waɗannan ranakun. Da abin da kuka yi za ka yi lissafi, kada ka sa tafiye-tafiyen da kuke fatan yi. Fita biyu ta ƙarshen mako kwana huɗu ce, ba ta kai ba. Fita biyu ta mako guda-guda kwana goma sha huɗu ce, ta wuce da nisa.

Kukan tsada da kake yi ba kai kaɗai ba ne. Kuɗin lantarki ya yi tashin gwauron zabo a 2022, zango kuwa wuta yake ci ba kaɗan ba, tun daga ruwan zafi na banɗakuna har hita da ke kunne a kowane karaban. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar ta kawo sabon tsarin kama wuri: aka fara karɓar kafin alƙalami, farashi kuma ya koma yana hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema. A da mutum yakan kama wuri ba tare da ya biya ko sisi ba, abin da ya sa wasu ke kame ƙarshen mako da yawa su zo su soke daga baya. Ta wannan fuskar gyaran ya taimaki mai neman wuri. Amma farashi mai bin yawan masu nema, mai yara 'yan makaranta yake fi bugu. Dattijon da ya yi ritaya zai tafi ranar Talata a watan Satumba ya samu sauƙi. Kai ba ka da wannan damar. Hutun Ista, makon ƙarshen Mayu, sati shida na Yuli da Agusta, da makon Oktoba, su ne naka, su ne kuma na kowa. Idan ka ce za ka cire yara daga makaranta don ka samu araha, tun watan Agustan 2024 tarar a Ingila fam 80 ce a kan kowane yaro, uba daban uwa daban, ta ninka zuwa 160 idan aka yi jinkirin biya. Yara uku da iyaye biyu, fam 480 ke nan. Ba hanya ba ce. A tsakiyar Agusta kuwa, iyali irin naka su biya sama da fam 50 a dare guda a babban zango ba abin mamaki ba ne.

Me kake saye da wannan kuɗin? Tsafta da tsari. Banɗakuna masu ɗumi da ake wankewa kullum, wurin wanka mai ƙofa, fili mai tsakuwa da mota ba ta kafewa, tazarar mita shida tsakaninka da makwabci saboda gobara, da masu kula da wuri da ke tabbatar da an yi shiru da dare. Yawancinsu ba mashaya, ba kiɗa. Ga mai iyali da ke son matarsa da 'ya'yansa mata su sake, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa ban taɓa raina waɗannan wurare ba. Karnuka dai suna da yawa, Bature da karensa ba sa rabuwa, amma doka ce a riƙe su da igiya. Abin da ba za ka samu ba a mafi yawansu shi ne wurin ninƙaya da wasannin da ke ɗauke hankalin yaro ɗan shekara goma sha biyu. Idan yaranka sun fara cewa wurin ya ishe su, ka saurare su.

Akwai 'yan wuraren da su kaɗai sun isa su biya katin, wato zangon da ke cikin manyan birane. Na Rowntree Park a York ana takawa da ƙafa zuwa tsakiyar gari. Akwai na Edinburgh. Akwai na Abbey Wood a Landan, kusa da tashar layin jirgin ƙasa na Elizabeth da aka buɗe a 2022. Mai zuwa Landan biki ko suna ko ziyarar dangi da mutum biyar ya san ɗaki biyu zai kama a otal. Idan kana irin wannan tafiyar, gwada farashin biyu. Ka dai tuna cewa tun Agustan 2023 harajin hayaƙin mota ya mamaye dukkan unguwannin Landan, fam 12.50 a duk ranar da ka tuƙa motar da ba ta cika sharaɗi ba, kuma tsofaffin motocin dizal da muke jan karaban da su sukan faɗa ciki.

Amma duk wannan ba shi ne ainihin amfanin katin ba a wurina. Daga yadda ka yi tambayar na fahimci manyan zango kaɗai ka sani, alhali su kusan ɗari biyu ne, ƙananan kuwa sun haura dubu biyu. Ana kiransu Certificated Locations, a baki CL kawai ake cewa. Asalinsu wata doka ce ta 1960 da ta tsara wuraren ajiye karaban a ƙasar. Dokar ta ce duk mai son buɗe zango sai ya nemi lasin daga ƙaramar hukuma, amma ta bar wata ƙofa: an ba wasu ƙungiyoyi ikon su duba fili da kansu su ba mai shi takardar shaida, muddin ba za a wuce karaban biyar a lokaci guda ba, kuma 'yan ƙungiyar ne za su sauka. Da wannan ne manomi mai ɗan fili a bayan gida, ko mai lambu, ko mai kiwon tumaki a tsaunukan Yorkshire, yake samun ɗan kuɗin shiga ba tare da ya gina komai ba. Kai kuma da wannan ne kake samun wurin da wanda ba shi da kati ba zai shiga ba. A manyan zango rangwame katin ke ba ka, a nan kuwa shi ne mabuɗin ƙofar.

Abin da ake tabbatar maka a CL shi ne ruwan sha, wurin zubar da shara, da wurin juye tankin makewayi. Da yawa yanzu suna da wutar lantarki, wasu har da banɗaki da wurin wanka. Farashi mai filin ne ke yankewa, yawanci tsakanin fam goma sha wani abu zuwa ashirin da wani abu, kuma da shi kai tsaye kake magana. Ana iya zama har kwana 28. Idan babban zango fam 50 ne, CL fam 22, bambancin kwana uku ya biya katin shekara har da canji. Ga sarari. Yara su yi ƙwallo, a shimfiɗa darduma a kan ciyawa a yi jam'i ba mai kallon ku, uwargida ta zauna a rumfa ba ta takura ba. Kana Leeds, cikin awa ɗaya ko biyu ka isa Yorkshire Dales, ko bakin teku wajen Whitby da Bridlington, ko Peak District. Ba ka bukatar dogon hutu. Juma'a bayan an taso daga makaranta zuwa Lahadi ta wadatar.

Ba zan ɓoye maka wahalarsu ba. Da yawa ba sa karɓar yara, don haka ka tace bincikenka tun farko. Wasu suna ƙara kuɗi idan an wuce manya biyu, ka tambaya a waya. Hanyar shiga gona takan zama siririya, katangar dutse hagu da dama, idan ka haɗu da tarakta dole wani ya yi ribas. Bi kwatancen mai filin, kada ka bi na'urar nuna hanya ido rufe. Bayan ruwan sama ciyawa takan riƙe motar da ke ja da tayoyin gaba. Sannan dole kayan cikin karaban ɗinka su zama lafiyayyu, domin da su za ku rayu: famfo, hitar ruwa, makewayi, batir, tukunyar gas. Mutane da yawa suna jan banɗaki da wurin wanka a bayansu shekara da shekaru ba su taɓa buɗe su ba, suna biyan kuɗin na zango. Masu kyau a cikin CL kuma suna cika da wuri tunda gurbi biyar ne kawai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na makon ƙarshen Mayu tun yanzu ake kamawa.

Kafin ka yanke shawara, leƙa ɗaya ƙungiyar, Camping and Caravanning Club. Ta girmi taka, an kafa ta a 1901, taka kuma a 1907. Tana da nata ƙananan wuraren, kuma a nata ana iya kafa tanti, abin da zai yi maka amfani idan babban ɗanka ya fara neman wurin kwanansa daban. Rassanta na yankuna suna buɗe zangon wucin gadi a lokacin hutu, a filin makaranta ko gona kusa da teku, da kuɗi kaɗan, sai dai yawanci ba wuta ba banɗaki. Ga mai yara da ke ɗaure da hutun makaranta, wannan yakan fi komai sauƙi. Riƙe katin ƙungiyoyi biyu kuwa sai mai yawan fita. Kai ɗaya ya ishe ka.

Sauran abubuwan da ake lissafa wa mamba, mujalla da rangwamen kantuna da na wuraren shaƙatawa, kada ka sa su a ma'auni sai wanda ka riga ka taɓa amfani da shi. Rangwamen jirgin ruwa zuwa Faransa ko Sifaniya yana iya wuce kuɗin katin a tafiya guda, amma wanda zai kai mutum biyar Kano bana ba zai ƙetara da karaban ba. Abu ɗaya da nake so ka ɗauka da muhimmanci shi ne horon jan karaban da ƙungiyoyin biyu ke bayarwa. Tun 16 ga Disamban 2021 aka soke jarrabawar jan tirela a Ingila da Scotland da Wales, mai lasin mota yana iya jan abin da ya kai kilo 3,500 ba tare da kowa ya gwada shi ba. Kai a shekarar ka saya. Idan ba wanda ya taɓa nuna maka yadda ake raba kaya, a sa masu nauyi ƙasa kusa da gatari, ko dalilin da ya sa ake ba sabon shiga shawarar kada nauyin karaban da kayansa ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin mota, to ka nemi wannan horon. Ina ganin abin da lilon karaban a babbar hanya ke jawowa, kuma 'ya'yanka ne a kujerar baya.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya fi damuna a tambayarka, Malam. Fita biyu a shekara ba matsalar kati ba ce, matsalar karaban ɗin ce. Ɗauki misali: a ce ajiya fam 500, duban shekara fam 250, inshora fam 250. Fam dubu ke nan kafin ka motsa, ban da faɗuwar darajarsa. Idan kwana shida kuka yi bara, kowane dare ya tashi sama da fam 160 tun ba a sa kuɗin zango da mai ba. Idan kwana ashirin da biyar ne, fam 40. Sa naka alƙaluman ka gani. Karaban kuma ba ya son zama. Tayoyi suna tsufa ko ba a taka su ba, shawarar da ake bayarwa ita ce a canza su bayan shekara biyar, kada a wuce bakwai ko da zanensu bai cinye ba. Batir yana mutuwa. Mafi muni shi ne danshi: ƙaron da ke bakin taga ko rufi ya tsage, ruwa ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan duk tsawon sanyi ba wanda ya buɗe ƙofa, sai an zo dubawa a tarar bango ya yi laushi. Gyaran wannan yakan kai dubbai, a tsohon karaban ma yakan wuce kuɗinsa. Mutane da yawa sun saya a 2020 da 2021 lokacin da korona ta rufe tafiya waje, farashin na hannu ya hau sosai. Da aka buɗe hanya ya sauko, kuma kowace shekara da ya ƙara a ajiye ƙara sauka yake yi.

Mu da muke da gida biyu kuma muna da abin da makwabcinmu Bature ba shi da shi. Dogon hutu ɗaya ne, kakanni suna jiran jikoki, kuma zumunci ya fi zango. Idan kun san duk shekara biyu za ku je gida, to rayuwar karaban ɗinku a gajerun hutu da ƙarshen mako take, daga Afrilu zuwa Oktoba. Azumi ma a 'yan shekarun nan ya koma Fabrairu da Maris, ya bar muku waɗannan watannin a buɗe. Irin wannan fitar kuwa ita ce CL ta fi dacewa da ita.

Shawarata ita ce ka zauna da uwargida da kalandar makaranta kafin ranar da rajistar za ta ƙare. Idan kun iya fitar da ƙarshen mako uku ko huɗu na gaske, kuka kira masu CL kuka kama wuri, to ka sabunta na shekara ɗaya ka gwada wannan hanyar, sannan ka sake lissafi baɗi. Idan kun duba kun ga Kano ta cinye kuɗi da hutun bana, kuma inshorarka da janwenka ba na ƙungiyar ba ne, ka bar katin ya ƙare. Ba a hana kowa dawowa, ranar da ka tashi sai ka sake shiga. Ka dai sanar da su, ka kuma dakatar da umarnin da ka ba banki na cire kuɗi kai tsaye, in ba haka ba zai sabunta kansa. Ka duba ko akwai wurin da ka riga ka kama da farashin mamba, domin ana bukatar katinka ya zama da rai a ranar da za ka sauka. Idan kuwa kun kasa samun ko ƙarshen mako biyu, ka kai karaban ɗin a auna danshinsa, ka haɗa takardun rajistarsa na CRiS (tsarin rajistar karaban a Birtaniya) da na duban shekara, ka sa shi a kasuwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da masu saye suka fi yawa.